Alƙunutu da Sawaba a Ƙasar Ruma

Ba yau ƙasar Ruma ta fara barci da ido ɗaya ba. Bayan jihadi ya ci Katsina a farkon ƙarni na 19, sarakunan da aka kora suka kafa Maraɗi, daga can kuma mahara suka riƙa ratso dajin da ke yamma suna faɗa wa ƙauyuka. Wasu garuruwan suka watse, wasu suka kewaye kansu da ganuwa. A zamanin ne sunan Ɗanwaire, Sarkin Ruma, ya fito, har yau dattawan Batsari na ambatonsa in ana zancen jarumta. Mutanen wancan lokaci sun riƙe kwari da baka, sun kuma riƙe malamansu da addu'a. Wannan ne gado na farko.

Gado na biyu ya zo daga baya. Ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kuma a bakin su Malam Aminu Kano talaka ya ji cewa ƙin zalunci ba rashin kunya ba ne, addini ne ma ya umarce shi. 'Yan NEPU, wato 'yan Sawaba, sun sha ɗauri da bulala kan wannan magana. Amma a 1979, lokacin Katsina na cikin tsohuwar Jihar Kaduna, gwamnatin Balarabe Musa ta PRP, magajiyar NEPU, ta soke haraji da jangali. A ganina nan ne darasin da aka fi mantawa: haraji na kan manomi, jangali na kan makiyayi, kuma rana ɗaya aka sauke musu kayan, domin siyasar ta ɗauke su duka talakawa ne.

Shekaru bayan haka sai dajin nan na yamma, dajin Rugu, ya sake zama abin tsoro. Satar shanu ta koma satar mutane. A Fabrairun 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Mata da yara suka cika makarantun garin Batsari da tabarmi da tukwane, gonakin Runka da Wagini suka yi ta zama saura. Limamai suka dage da alƙunutu a sallolin farilla, mamu na amsa amin cikin kuka. Kuma waɗannan mamun ne suka riƙa fita titi suna tambayar hukuma ina tsaron da aka yi musu alkawari. Ba su ga wani saɓani tsakanin ɗaga hannu ga Allah da ɗaga murya ga gwamnati ba.

Sulhun da gwamnatin Katsina ta Masari ta yi da 'yan bindiga a 2019 bai ɗore ba, shi ya sa da aka sake zama a Batsari da Safana a 2025 mutane suka je da taka-tsantsan. Manoma suka nemi a sako waɗanda ke hannu, a bar su su koma gona. Fulanin daji suka nemi shiga kasuwa lafiya, da asibiti, da makaranta ga 'ya'yansu. Ga wanda ya rasa ɗa ko miji, zama inuwa ɗaya da mai bindiga a kafaɗa abu ne mai ɗaci, kuma har yanzu ba a ba shi amsa kan hakkin jinin da aka zubar ba.