Kuturta a Dandalin Wasan Kwaikwayo

Masana adabin Hausa sun daɗe da sanya bori cikin tushen wasan kwaikwayonmu. A littafinsa na 1914, Baturen nan Tremearne ya bayyana yadda wanda iskan Kuturu ya hau yake dunƙule yatsu, ya zauna yana korar ƙudaje da dungu. Wannan kwaikwayo ya ginu ne bisa lura, domin a wancan zamani kutare ba su ɓuya ga kowa ba.

Sai dai gani da ido bai kai mu ga sanin dalili ba. A 1873 ne Hansen, likita ɗan ƙasar Norwe, ya gano ƙwayar cutar. Ita ke kashe jijiyoyi, sai mutum ya ƙone ko ya yanke bai ji ba, har gaɓa ta lalace. A Garkida, nan ƙasar Adamawa, an buɗe mazaunin jinyar kutare a 1929. A 1981 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ke warkar da cutar.

Don haka, ɗalibinmu na Kwaja ko Mubi da zai fito da kuturu a dandali, wajibi ne ya fara tuntuɓar ma'aikatan asibiti. Wasan da ya nuna kuturta a matsayin gado ko la'ana yana hana mai tabo a fata neman magani tun yatsunsa na nan.