Daga bakin sankira zuwa wayar hannu: tarihin talla da shela a ƙasar Magariya da Dungas

Masu iya magana sun ce mai talla shi ke da riba. Amma kafin haja ta kai ga mai saye, sai labarinta ya riga ta isa, kuma labari ba ya yin nisa da riga ɗaya. A kowane zango sai an sake masa sutura: abin da aka faɗa a fada a maimaita shi a kasuwa, na kasuwa ya shiga waƙa, na waƙa ya koma hirar dandali. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan dabara a gundumomin Magariya da Dungas na jihar Damagaram, domin mu ga abin da saƙo ke samu da abin da yake rasawa idan ya bi hannu da yawa.

Tun kafin zuwan Nasara, wannan yanki mahaɗa ce. Dungas da Washa na cikin tsoffin ƙasashen Sosebaki, sarautar Magariya kuma tana da tushe a gidan Daura, sannan fatake na ratsawa tsakanin Damagaram da Kano. A wancan zamani, idan sarki na da umurni, sankira ko mai shela ne ke kewaya gari da ganga. Amma muryar mutum ɗaya ba ta wuce ganuwa. Kasuwa ce ke ɗaukar sauran aikin, domin kasuwannin ƙauye na ci ne bi da bi a cikin mako, kuma ƴan koli da dillalai da mahauta na bin su ɗaya bayan ɗaya. Shelar da aka yi yau, kafin kwana bakwai ta kewaye ƙasa. Maroƙi ya mayar da ita kirari, ƴar talla ta rera ta a ƙofar gida, ta haka ta isa ga matan da ba su fita.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, kuma tsakanin 1906 da 1908 aka shata iyakar da ta raba Magariya da Daura da Kano. Iyakar ta tare haraji, ba ta tare magana ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, daga baya ƙasar Magariya ta zama ɗaya daga cikin manyan rumbunan gyaɗar Nijar. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA ba su jin harshen manomi, saboda haka suka dogara da ƴan tsakiya, waɗanda ke kai labarin farashi ƙauye. A nan ne illar dogon zango ta fara bayyana: farashin da ya fito daga kanti ba lalle ne shi ke isa kunnen manomi ba, kuma wanda ba ya karanta sikeli sai abin da aka gaya masa. Ita kuwa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka soma bugawa a Zariya a 1939, ta ƙarfafa wata al'ada a ƙasar Hausa: mai karatu ɗaya ya karanta da ƙarfi, jama'a na saurare, kowa ya tashi da abin da zai kai gida.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta so ta yi magana da manomi kai tsaye. A 1962 aka kafa SONARA domin cinikin gyaɗa, da UNCC domin ƙungiyoyin haɗin gwiwa. A shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar masu sauraren radiyo ta Nijar. Tsarinta abin nazari ne. Ana watsa shiri kan noma ko lafiya, mutanen gari su taru su saurara tare, wani jagora, galibi malamin makaranta, ya buɗe mahawara, a ɗauki muryoyin jama'a a mayar gidan radiyo, su zama kayan shiri na gaba. Ke nan saƙo ɗaya ya rayu sau uku, kuma a karo na uku talaka ne ke magana. Yaƙi da jahilci cikin harsunan ƙasa ya zo da nasa amfanin, domin manomin da ya koyi lissafi a ajin manya yana iya tsayawa gaban sikeli ya duba da idonsa.

Sai dai talla ba ta sa ruwa ya sauka. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, sun karya wannan ciniki, manoma da yawa suka koma ga wake. A zamanin Seyni Kountché, wanda ya hau mulki a 1974, aka sake wa gidan radiyon ƙasa suna Muryar Sahel, aka kuma farfaɗo da samariya. Jawabin da aka yi da Faransanci a Yamai sai a fassara shi a radiyo, samariya ta mayar da shi waƙa da wasan kwaikwayo, a yi gasa daga ƙauye har zuwa bikin matasa na ƙasa. Ƴan wasan kwaikwayon Damagaram, irin su Yazi Dogo, sun nuna cewa darasin da ya shiga da dariya ya fi wanda ya shiga da tsawa daɗewa a zuciya. Amma dole a faɗi gaskiya: a wannan tsari magana ta fi gangarowa daga sama fiye da hawa daga ƙasa.

Shi kuwa mutumin Magariya kunnensa biyu ne. Yana jin Yamai da Damagaram, yana kuma jin Kaduna da Kano, ga sashen Hausa na BBC tun 1957, na Jamus tun 1963, na Amurka tun 1979. Tallar sabulu ko magani da aka shirya domin ƴan Najeriya na shigowa ba fasfo, kayan kuma su biyo ta ta Babura da Tinkim, ko ta Maigatari mai cin kasuwa ranar Alhamis. Daga 1990 finafinan Hausa na Kano suka ƙara wata hanya. Mai maganin gargajiya ma ya ɗaura lasifika a kan mota, kaset na maimaita kirarin hajarsa daga kasuwa zuwa kasuwa. Gidajen radiyon karkara, da suka fara a Bankilare a 1999, suka kawo shela cikin karin harshen kowane yanki. Wayar salula ta shigo da ƙarfi bayan 2001, yau ga shi saƙon murya na WhatsApp na isa ga wanda bai taɓa shiga aji ba.

Hanyar da gaskiya ke bi, ita jita-jita ke bi. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar Kano saboda raɗe-raɗin cewa an gurɓata maganin, ba a koma ba sai a Yulin 2004. A tsakanin nan cutar ta sake yaɗuwa zuwa ƙasashe da dama, yankunan bakin iyaka kuma suka sha fama. Abin lura shi ne, takardun hukuma ba su ne suka kwantar da hankalin iyaye ba. Sai da sarakuna da malamai suka karɓi maganar suka faɗe ta da bakinsu. Haka kuma dabarar barin gawo ya tofo a gona, wadda ta sake rufe gonakin Magariya da Matamai da Mirya da itatuwa tun daga shekarun 1980, ta yaɗu ne mafi yawa daga manomi zuwa manomi, domin gani ya kori ji.

Wannan tarihi na koya mana abu uku. Na farko, saƙo ba ya nisa sai an sake masa siffa daidai da masu saurare. Na biyu, darajarsa na rataye ne a wuyan wanda ya faɗe shi a zangon ƙarshe. Na uku, inda babu hanyar mayar da martani, shela ce kawai aka yi, ba a yi shawara ba.

Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, nauyin da ke kan malamai da ƙungiyoyin al'adu ya ƙaru. Darasin tarihi ɗaya na iya zama wasan kwaikwayon ƴan makaranta, a naɗe shi domin radiyon karkara, a yanka shi gajeru domin waya. Amma sharaɗin sankira na nan: yana faɗin wanda ya aiko shi kafin ya faɗi saƙo, kuma gari ya san inda zai same shi idan ya ƙara gishiri. Mu koya wa ɗalibanmu su tambayi kowane saƙo daga ina ya fito, wa ya sake masa riga, kuma wa zai ci ribarsa. Akwai kuma aikin gaggawa: tsoffin masu shela, da jagororin ƙungiyoyin radiyo, da ƴan samariyar Bande da Washa da Dogo-Dogo da Malawa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A je a ɗauki muryoyinsu tun suna iya ba da labari.