Yadda tsufa ke sauya cikar zuciya da jini

Tsakanin bugu da bugu, tsokar zuciya takan saki domin jini ya cika ɗakunanta na ƙasa. A jikin matashi, mafi yawan jinin yana kwarara ne da kansa da zarar tsokar ta saki, sai ɗakin sama ya matsa ya cike ragowar, kimanin kashi 20 cikin ɗari.

Shekaru na ja, bangon zuciya na ƙara kauri da tauri, sakinsa kuma yana yin jinkiri. Daga shekara 20 zuwa 80, saurin kwararar farko kan ragu da kusan rabi, don haka ɗakin sama yake ƙara ƙarfin matsawa. Shi ya sa dattijo mai lafiya a Damri ta ƙaramar hukumar Bakura yake harkokinsa lafiya lau, amma ya riga ɗansa yin haki a gonar shinkafa ta Bakolori.

Wannan sauyi ba cuta ba ne. Sai dai hawan jini da ciwon suga suna gaggauta shi har ya kai ga gazawar zuciya. Haki a kwance, kumburin ƙafafu da bugun zuciya marar tsari alamu ne na ciwo, kuma kuskure ne a jingina su ga tsufa. Hoton zuciya a manyan asibitoci, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, shi ke tantancewa. Awon jini kuwa aikin asibitin matakin farko ne, kuma haƙƙi ne da dattawan Talata Mafara, Bakura da Maradun ke bin hukumomi.