Ƙwallon raga na mata: jami'a ba za ta girbi abin da ba a shuka a sakandare ba

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau zan taɓo wani tarihi da ba a cika kawo shi a majalisa ba, wato wasan ƙwallon raga na mata a manyan makarantunmu, wanda 'yan makaranta ke kira bolibol. Tambayar da na ɗauko ita ce: idan jami'a ko kwalejin ilimi a Kano ta tashi haɗa 'yan mata 12 da za su wakilce ta a gasa, me ya sa da wuya a ga 'yar Dawakin Kudu, ko 'yar Kura, ko 'yar Bunkure a cikinsu? Wasu za su ce ai al'ada ce. Wasu su ce yaranmu ba su da sha'awa. Ni kuwa abin da na gano daga tarihi shi ne, matsalar tana wajen wanda zai koyar, tun kafin a zo maganar wadda za ta buga.

Bari mu fara da wasan kansa. Wani malamin motsa jiki mai suna William Morgan ne ya ƙirƙiro shi a garin Holyoke na Amurka a 1895, kuma ya yi shi ne don dattawan da ƙwallon kwando ta yi wa tsauri. Mutum shida nan, shida can, raga a tsakani. Filin mita 18 ne a tsawo, mita 9 a faɗi, tsayin ragar mata kuma mita 2.24. Kun ga ke nan babu ture-ture, babu haɗa jiki da abokin hamayya, kuma tsakar gidan makaranta ma ta isa a kafa shi. Cikin duk wasannin da aka kawo mana, da wuya a samu wanda ya fi wannan dacewa da makarantar 'yan mata mai katanga.

To yaya ake samo 'yan wasa a manyan makarantun Najeriya? Gasar jami'o'i ta NUGA ta fara ne a Ibadan a 1966, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta karɓi baƙuncinta fiye da sau ɗaya. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna da tasu, NIPOGA, kwalejojin ilimi kuma suna da NICEGA. Amma a mafi yawan makarantun nan, koci ba shi ke zaɓen ɗalibai ba. Yarinya za ta ci JAMB, ta samu gurbi, ta yi rajista, sannan a liƙa sanarwa cewa mai sha'awar wasa ta fito fili da yamma. Wanda Allah ya kawo, da shi koci zai yi aiki.

A nan ne gizo ke saƙar. Ƙwallon raga wasa ne na hannu da ido, yana cin shekaru kafin ya zauna. Karɓar ƙwallo da damtse, ɗaga ta daidai bakin raga, tsalle a maka ta, tsalle a tare ta, duk ba abin da ake koya a zangon karatu ɗaya ba ne. Yarinyar da ta fara taɓa ƙwallo tana da shekara 19 ba za ta kamo wadda ta fara tana 12 ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka wadda ta taso a bariki ko a Sabon Gari, ko ta yi makarantar da ke da malamin wasanni tsayayye, ita ce za ta shiga jerin. Ƙwararrun cikinsu kuma ƙungiyoyin masu kaki ne ke kwashe su, irin su Kwastan da Sibil Difens da sojoji, domin su suna da albashi da alƙawarin aiki.

Yanzu bari mu dawo gida, domin garinmu yana da amsar irin wannan matsala a tarihinsa. A shekarun 1970 Jihar Kano ta duba ta ga ba ta da likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jiha, kuma jami'o'i ba sa samun yaran Kano da suka cancanci shiga waɗannan fannoni. Gwamnati ba ta tsaya zagin jami'a ba. A 1977 ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya guda biyu, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa. Aka riƙa zaɓo yara ta hanyar jarrabawa daga sassan jihar, aka nemo musu malamai na musamman har daga ƙasashen waje, aka ba su ɗakunan gwaji. Bayan 'yan shekaru aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu take Jihar Jigawa. Yau ka shiga kusan kowane babban asibiti a Kano, sai ka tarar da tsohon ɗalibin waɗannan makarantu. Abin lura shi ne, neman ɗalibi da neman malami tare aka yi su. Wasannin 'yan mata ba su taɓa samun irin wannan gata ba.

Manoman Kura da Bunkure sun fi kowa fahimtar abin da nake nufi. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Amma ruwan da ke kwance a Tiga bai taɓa shayar da shinkafar kowa ba sai da aka ja kanal zuwa Kadawa da sauran gonaki. Kuma duk manomin rani ya san cewa idan laka da ciyawa suka toshe hanya, wanda gonarsa ke ƙarshen layi shi ke kwana yana jiran ruwa. Haka 'yan matanmu suke. Dogaye, masu ƙarfin kafaɗa, waɗanda suka saba da ɗaukar kwandon tumatir da aikin turara shinkafa, suna nan birjik. Kanal ɗin da zai kai su filin jami'a ne ba a haƙa ba.

Me ke toshe hanyar? Na farko lokaci. Yarinyar makarantar jeka-ka-dawo ta tashi ƙarfe biyu, ga Islamiyya, ga aikin gida, wata ga talla. Shi ya sa makarantar kwana ce gidan wannan wasa tun asali, inda ake da lokacin wasanni bayan la'asar da gasar gidaje ta shekara-shekara. Muna da irinsu a kusa, kamar ta 'yan mata da ke 'Yargaya. Sai dai matsalar tsaro ta sa iyaye da yawa sun ja baya da makarantar kwana, musamman bayan sace ɗaliban Jangebe a Zamfara a watan Fabrairun 2021, lokacin da Kano ma ta rufe wasu makarantun kwana na bayan gari.

Na biyu sutura. Wannan kam duniya ta riga ta warware shi. A gasar Olamfik ta 2016 a Burazil, 'yar Masar Doaa Elghobashy ta buga ƙwallon raga ta bakin teku da hijabinta da dogon wando. A Amurka, a 2020 wani alƙalin wasa ya hana wata ɗaliba Musulma mai suna Najah Aqeel buga wasa a jihar Tennessee saboda hijabi, aka yi ta ce-ce-ku-ce, a 2021 hukumar wasannin sakandaren ƙasar ta sauya dokar. Don haka wanda ya ce sai da gajeren wando ake buga wasan, labarinsa ya tsufa.

Na uku, kuma shi ne babba: wa zai tsaya a kan yaran? Ku sa kanku a matsayin uba a Tamburawa ko Gano. An zo an ce 'yarka za ta bi mota zuwa gasa a wata jiha, kwana biyar, kuma mai kula da su namiji ne da ba ka san asalinsa ba. Wallahi ko ni sai na yi tunani. Amma a ce Malama wance ce, matar aure, wadda ka san gidan su, ita ke koya musu kuma ita za ta kwana ɗaki ɗaya da su, ai magana ta sauya. A ƙasarmu mai horarwa ita ce mai nemo 'yan wasa, domin ita kaɗai ke iya yin sallama ta shiga har ɗakin uwar yarinya.

Kada ku ɗauka mu kaɗai muka sha wannan fama. Bari in kai ku ƙasashe biyu, ku ga yadda suka yi.

Ta farko Japan. A 1953 wani kamfanin saƙa mai suna Nichibo ya ɗora Hirobumi Daimatsu a kan ƙungiyar ma'aikatansa mata a masaƙar Kaizuka, kusa da Osaka. 'Yan matan suna kwana a gidajen kamfani, su yi aiki da rana, su yi atisaye har tsakar dare. Horonsa ya yi tsanani har ana kiransa Dodo, kuma ba irin wanda zan so a yi wa 'ya'yanmu ba ne. Amma sun ci kofin duniya a Mosko a 1962, sannan a 1964, karon farko da aka saka wasan a Olamfik, suka doke Tarayyar Sobiyet a Tokyo suka ɗauki zinare. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya: matan aure a unguwanni suka kafa nasu ƙungiyoyin, har aka yi musu gasar ƙasa. Wato aure bai zama ƙarshen wasa ba.

Ta biyu Amurka, kuma zan ɗauki jihar Nebraska domin jihar manoman masara ce mai mutum kimanin miliyan 2, ba ta kai rabin rabin Kano ba. A 1972 Amurka ta yi dokar da ta hana makarantun da ke cin kuɗin gwamnati nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a wasanni. Daga nan manyan jami'o'i suka riƙa ba 'yan ƙwallon raga tallafin karatu, gurbi 12 ga kowace ƙungiya na tsawon shekaru. A 1977, shekarar da aka buɗe makarantar kimiyya ta garinmu, Jami'ar Nebraska ta ɗauki Terry Pettit a matsayin koci. Bai zauna a ofis yana jiran 'yan wasa ba, ya bi ƙananan garuruwa yana koya wa malaman sakandare wasan. Sai bayan shekara 18, a 1995, ya ci kofin ƙasa na farko. A ranar 30 ga Agustan 2023 mutum 92,003 suka cika filin wasa don kallon 'yan matan wannan jami'a.

Su ma fa suna da nasu ciwon. Kafin dokar 1972, fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙungiyoyin mata a jami'o'insu mata ne ke horar da su. Da kuɗi ya shigo harkar, maza suka yi caa, adadin ya faɗo ƙasa da rabi. An fara gasar ƙwallon raga ta mata ta NCAA a 1981, amma sai a watan Disambar 2024 aka samu mace ta farko da ta ci kofin babban rukuni a matsayin shugabar masu horarwa, Katie Schumacher-Cawley ta Jami'ar Penn State, kuma ta ci shi ne tana tsaka da jinyar kansar mama. Darasi a nan shi ne, idan ba a ware wa mata wannan aiki da gangan ba, ranar da ya fara kawo albashi za a ture su gefe.

Kuma ku duba: Foluke Akinradewo da Chiaka Ogbogu da suka ci wa Amurka zinare a Tokyo a 2021, da Paola Egonu da ta ci wa Italiya a Paris a 2024, dukkansu iyayensu 'yan Najeriya ne. Jini ɗaya ne da namu. Bambancin shi ne sun samu mai koya musu tun suna ƙanana.

To mu me muke da shi a hannu? Muna da fiye da yadda muke zato. Ga cibiyar wasanni ta Karfi a ƙaramar hukumar Kura, wadda aka kafa a zangon mulkin Kwankwaso na biyu. Ga Sa'adatu Rimi a kan titin Zariya, ga Jami'ar Bayero, duk suna yaye malaman motsa jiki da kiwon lafiya. Ga Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas da ke horar da masu horarwa tun 1974. Abin da ya rage shi ne a haɗa bakin kanal ɗin.

Shawarata ga hukumomin ilimi da na wasanni guda uku ce. A zaɓo 'yan matan wannan yanki da suka gama sakandare a ɗauki nauyin karatunsu na NCE a fannin motsa jiki, da sharaɗin za su dawo su koyar a makarantun 'yan matan garuruwansu, ko sun yi aure. A daina mayar da malamar wasanni mai cike gibin darasin da babu malami, a bar mata yammacinta da ragarta da ƙwallayenta. Sannan manyan makarantun Kano su riƙa turo masu horarwarsu gasar gidaje a makarantun karkara, su ga yaran tun suna aji biyu na ƙaramar sakandare, su san iyayensu, maimakon jiran ranar liƙa sanarwa.

Wani zai ce, ana fama da kujeru da alli, wa ke ta ƙwallo? Gaskiya ne. Amma yarinyar da ke da dalilin son makaranta ta fi daɗewa a cikinta, kuma wadda ta koyi wasa yau ita ce malamar da wani uban zai yarda ya damƙa wa 'yarsa gobe. Pettit ya jira shekara 18. Waɗanda suka buɗe makarantar kimiyya a 1977 su ma sai da suka jira shekaru kafin su ga likitan farko. Idan ba a fara ba, lissafin ma ba zai soma ba.

Iyayenmu mata da yayyenmu da suka buga wannan wasa a makarantun kwana a shekarun baya, muna son jin tarihinku: wace malama ce ta fara ɗora muku ƙwallo a hannu, kuma ina kuka je gasa? Ku aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku tura wa malaman makarantar da kuka sani.