Tarihin Kalmar "Volt" da Sunan Abin da Take Aunawa

A watan Maris na shekarar 1800, Alessandro Volta, malami a jami'ar Paviya ta ƙasar Italiya, ya aika wa ƙungiyar masana ta birnin Landan da wasiƙa, yana bayanin wani abu da ya haɗa: faya-fayan azurfa ko tagulla da na tutiya, ɗaya bisa ɗaya, da kwali jiƙaƙƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu. Wannan shi ne batir na farko. Faransawa suka kira shi "pile", watau tari, kuma daga nan ne muka sami "pil" ɗin da masu tebur ke sayarwa a kasuwar Maraɗi.

Volta ya rasu a 1827, ba a kai ga sa wa wani ma'auni sunansa ba. Shi kansa abin da yake aunawa ya kira shi "tensione", ɗamewa ke nan irin ta tsirkiyar baka. Masu wayar tangarahu ne suka tilasta a tsayar da ma'auni. Wayar farko da aka shimfiɗa a ƙarƙashin tekun Atlantika a 1858 ta mutu cikin ƴan makonni, bayan an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, alhali injiniyoyi ba su da mudu guda da kowa ya yarda da shi. A 1861 Charles Bright da Latimer Clark suka ba da shawara a Ingila a laƙaba wa ma'aunan sunayen manyan masana. Abin dariya, a jerinsu na farko "volt" sunan ma'aunin turjiyar waya ne, sai daga baya ya yi musayar gurbi da sunan Ohm. Babban taron Paris na 1881 ya tabbatar da volt da amper da om ga ƙasashen duniya.

To, an daidaita a kan mudu, amma ba a daidaita a kan sunan abin da ake awo ba. Faransanci ya riƙe "tension" ta Volta, Jamusanci ya fassara ta da tasa kalmar ta ɗamewa, Ingilishi kuwa ya ƙera "voltage" daga sunan ma'aunin, ko da yake injiniyoyin Ingila na dā sun daɗe suna cewa "pressure", watau matsi. Larabawa da dama suka zaɓi "juhd", ƙoƙari. Kowane harshe aro ya yi daga abin da ido ke gani.

Wannan rabuwa ta iso ƙasar Hausa ta ƙofa biyu. A kudancin iyaka aka ce lantarki, daga Ingilishi, a wajenmu aka ce kuran, daga Faransanci. An kafa NIGELEC a 1968, shekarar da aka gama madatsar ruwa ta Kainji. A 1976 layi mai volt 132,000 ya haɗa Birnin Kebbi da Yamai, a 1994 kuma wani ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, ya ciyar da Maraɗi da Damagaram. Waya ɗaya ce, masu aiki a bakinta biyu Hausa suke yi da juna, amma da zarar an zo kan abin da wayar ke ɗauke da shi, sai kowa ya koma harshen makarantarsa. Aron kalmar Faransanci ma ba zai fisshe mu ba, domin asibiti ta riga mu: a bakin mutanen Tawa ko Konni, mai tansiyo shi ne mai hawan jini.

Abin da jama'a suka samar wa kansu shi ne "ƙarfin wuta". Yana biyan buƙata in ƙwan fitila ya yi ja aka ce wuta ba ƙarfi, amma a aji ko wurin koyon sana'a ya cika faɗi, gama ya haɗe abubuwa uku: wanda ake aunawa da volt, da na amper, da na wat. Batirin mota volt 12 ne kacal, mutum na taɓa kawunansa biyu bai ji komai ba, amma yakan fitar da ɗaruruwan amper lokacin tayar da inji, har ya narkar da sifana in ta gitta. Wutar gida kuwa, mai volt 220, tana iya tura ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amper ba ta ƙirjin mutum, zuciya ta tsaya. Wanne ne mai ƙarfi a cikinsu? Yaron da aka koya wa kalma ɗaya ba shi da amsa, kuma shi ne gobe zai haɗa wa mutane sola, ko ya jona wa wutarmu na'urar da aka ƙera wa volt 120 na Amurka.

A ganinmu "matsi" ya fi dacewa. Duk wanda ya ga yadda famfo ke feshi in tankin ruwa na bisa ya san matsi dabam, yawan ruwan da ke kwarara dabam. Sai a ce matsin lantarki ga volt, kwarara ga amper, a bar wa wat kalmar ƙarfi. Rabon da hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, wadda aka kafa a 1906, ta yi ma yana zama daidai: ƙaramin matsi har zuwa volt 1,000 a wutar layi, babban matsi daga nan zuwa sama. Sai dai malami ya nanata cewa tsakanin wurare biyu ake auna matsin, shi ya sa tsuntsu ke sauka a kan waya ɗaya ya tashi lafiya.

Saura rubutu. Abajadin Hausa ba shi da harafin v, bakin jama'a kuma "bolt" yake faɗi. Ana iya bin furuci a rubuta hakan, amma alamar V ba ta taɓuwa, domin tana cikin tsarin ma'aunan duniya na 1960, kuma ita ce ma'aikaci zai tarar a jikin taransifoma da batir.