Daga Jigo Zuwa Ruwan Tiga

'Yan uwa mata, tunda bana muna bikin cikar ƙungiyarmu, ya kamata mu waiwayi ruwan da sana'armu ta dogara a kansa. Shinkafar da muke gumi da tumatirin da muke shanyawa, duk ruwan Tiga ne ya raine su.

Kafin dam, noman rani sai a fadama da bakin rafi. Iyayenmu da jigo suke ban ruwa: guga ɗaya, kwami ɗaya, har kafaɗa ta gaji. Wanda ya ja ruwa da hannunsa ba sai an ce masa ya yi tattali ba. Bayan farin da ya addabi ƙasar nan a farkon shekarun 1970, aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwa ya riƙa gangarowa da kansa ta babbar magudana zuwa Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Aka samu alkama, aka samu shinkafa har da rani, mu ma muka samu jari.

To amma fa ruwan da ya zo a sauƙaƙe, a sauƙaƙe ake ɓarnatar da shi. A buɗe wa gona ruwa a tafi kasuwa. Na bakin magudana gonarsa ta jiƙe har ta yi kanwa, na can ƙarshe yana kallon ƙasa a tsage.

Kuma kogin ba namu kaɗai ba ne. Shi ne yake wucewa Haɗejia, ya shimfiɗu a fadamun Nguru. Da aka ƙara dam ɗin Challawa a 1992, ambaliyar da masunta da makiyaya da manoman can suke jira duk shekara ta ragu. Ruwan da ke kwance rani da damina kuma ya haifar da kachalla, ta toshe hanyoyin ruwa, jan-baki ya samu maɓoya. Matan can ma 'ya'ya suke ciyarwa kamar mu.

Shi ya sa aka koma rabon ruwa rana-rana, da baje gona ta daidaita kafin shuka, da gayyar yashe magudanai, da biyan kuɗin ruwa ta ƙungiyoyin manoma. A nan ne, a ganinmu, aka bar mu a baya. Mata da yawa yanzu suna hayar gona da kuɗin adashe, suna biyan kuɗin ruwa, amma ranar zaman rabo maza ne zalla a kan tabarma. Kujera muke nema a wannan zaman kafin noman rani mai zuwa.