Daga Zauren Sifawa Zuwa Gidajen Shagari: Abin da Gine-ginenmu Ke Faɗa Game da Mu

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu 'yan asalin Bodinga da Shagari da neman ilimi da neman abinci suka kai Sakkwato da Kaduna da Abuja da Legas, mun san nauyin wannan magana. Duk sanda muka haɗu, hirarmu ba ta wuce abubuwa uku: wa zai mulke mu, yaya zumuncinmu yake, kuma wane irin gida za mu gina a garinmu. Mukan ɗauka cewa waɗannan batutuwa ba su da dangantaka da juna, amma tarihin ƙasarmu ya nuna cewa tushensu ɗaya.

Lokacin da aka yi mulki daga zaure

Bayan faɗuwar Alƙalawa a shekarar 1808, Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bar Gwandu ya sauka a Sifawa wajen 1810, ya zauna nan har 1815 lokacin da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna kusa da shi a Bodinga. A wannan zama ne, a 1812, Shehu ya raba nauyin gudanar da daula gida biyu: yamma a hannun Malam Abdullahi, gabas a hannun Muhammadu Bello. Ke nan, tsawon shekaru kusan biyar, wannan yanki namu ne zuciyar daula mafi girma a Afirka ta Yamma a wancan zamani.

Abin lura a nan shi ne irin ginin da aka yi wannan aiki a cikinsa. Gidaje ne na ƙasa da azara, irin na sauran jama'a. A zaure ake karantarwa, a zaure ake sauraren ƙara, a nan ake karɓar manzanni da wasiƙu daga Kano da Katsina da Bauchi da Adamawa. Mai koke ba ya buƙatar kowa ya yi masa iso sau bakwai kafin ya ga malami ko alƙali. Malam Abdullahi kuwa an san shi da ƙyamar tara abin duniya, domin tun a 1807 ya taɓa barin rundunar jihadi ya nufi gabas saboda ganin yadda son mulki da dukiya ya fara shiga zukatan wasu, har mutanen Kano suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su.

Da Shehu ya rasu a 1817, Malam Abdullahi ya taso daga Bodinga, ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a kuma an rufe ƙofofin birni. Bai ɗaga takobi ba. Ya koma Gwandu, bayan 'yan shekaru kuma baffa da ɗa suka sasanta, daula ta tsira daga tsagewa. Duk ɗan siyasar yankinmu da ya sha kaye a zaɓe yana da abin koyi a nan.

Hikimar magina

Ginin da kakanninmu suka bar mana ilimi ne cikakke. Magini yakan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ya bar ta ta kwana biyu tana tsima, sannan ya mulmula tubali ya shanya. Katanga takan yi kauri daga ƙasa ta riƙa sirancewa zuwa sama, don haka takan hana zafin rana shiga da sauri, ta kuma riƙe ɗumi a daren hunturu. Azarar giginya ba ta jin tsoron gara. Da ita ake ɗaure bakan gizo da ɗaurin guga, a rufe babban soro ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Makuba daga ɗorawa ke kare bango daga ruwa, indararo kuma ya jefa ruwan sama nesa da gindin gini. A ƙasar da zafi ke wuce ma'auni 40 daga Maris zuwa Mayu, wannan dabara ta fi ƙarfin a raina ta.

Tsarin gidan shi kansa tarbiyya ne. Dakali na hirar unguwa ne, zaure na baƙo da almajiri da mai sana'a, shigifa ta raba waje da ciki, tsakar gida kuma ta mata da yara ce, inda suke aikinsu cikin sutura da iska. Idan ɗa ya yi aure sai a yanka masa sashe, gida ya ƙaru, zumunci ya ƙaru. Raunin wannan gini shi ne yana son yaɓe duk shekara kafin damina, kuma a da gayya ce ke ɗauke wannan nauyi. Da gayya ta yi rauni, sai katangu suka fara zubewa. Da kamfanin siminti na Kalambaina ya fara aiki a 1967, sai bulo da kwano suka zama alamar samu.

Ɗan Shagari da gidajen talakawa

Marigayi Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, Turakin Sakkwato, an haife shi a garin Shagari ranar 25 ga Fabrairu, 1925, a gidan Magajin gari. Ya yi makarantar elementare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya zama malamin makaranta kafin a zaɓe shi Majalisar Wakilai a 1954. Ya riƙe ma'aikatar ayyuka ta tarayya daga 1965 zuwa 1966. Da ya zama shugaban ƙasa ranar 1 ga Oktoba, 1979, sai ya sa abinci da muhalli a gaban komai.

Shirinsa shi ne a gina gidaje 2,000 kowace shekara a kowace jiha cikin jihohi 19 da Abuja, wato 40,000 a shekara, akasarinsu ƙananan gidaje masu ɗaki ɗaya da mai gida zai iya faɗaɗawa daga baya. Zuwa 1983 abin da aka kammala bai kai aikin shekara ɗaya cur ba. Dalilan sun cancanci nazari. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnoni, alhali jihohi 12 cikin 19 ba na jam'iyyar NPN ba ne, saboda haka a wurare da dama aka ba da fili can bayan gari inda babu ruwa babu hanya. Farashin man fetur ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, wasu 'yan kwangila kuma suka ci amana. Sannan zane kusan iri ɗaya aka bi daga Kalaba har Sakkwato, babu zaure, babu tsakar gida irin tamu. Shi ya sa waɗanda suka shiga gidajen a Arewa suka yi ta zagaye su da katanga suna ƙara ɗakuna.

Duk da haka, unguwannin da ake kira da sunan Shagari a birane da yawa sun zama matsugunin dubban iyalai. Shi kuma mai sunan, bayan juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983 da tsarewar da ta biyo baya, garinsu ya koma a 1986. Da ya rasu ranar 28 ga Disamba, 2018, a Shagari aka yi masa sutura.

Ina muka dosa?

Ƙidayar 2006 ta nuna mutum fiye da 170,000 a ƙaramar hukumar Bodinga, da fiye da 150,000 a ta Shagari, kuma tun daga lokacin jama'a sai ƙaruwa take yi. Mafi yawan manyan gidajen da ke tashi a garuruwanmu da kuɗinmu ake gina su, mu mazauna birni. Mukan ɗauko zane daga Abuja, mu ja doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, mu soke zaure da dakali, mu rufa kwano a ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas. Wani ma ya ci rabin lungu ko ya toshe hanyar ruwa, damina ta zo ta rushe ɗakin maƙwabcinsa talaka. Sai gidan ya kwana a kulle wata goma sha ɗaya, ga 'yan uwa cunkushe a tsohon gida. Sa'an nan mu dawo muna kukan cewa shugabanni sun yi nesa da jama'a, alhali mu ma mun gina nisan da hannunmu.

Muna ba ƙungiyarmu shawara huɗu. Ta haɗa kai da hakimai da ƙananan hukumomi a shata unguwanni da magudanun ruwa kafin a sayar da filaye. Ta nemo tsofaffin maginan da suka rage, ta haɗa su da 'ya'yanmu masu ilimin zanen gini, a fito da gida mai harsashin siminti da katanga mai kauri da zaure. Ta rubuta tarihin wuraren da Shehu da Malam Abdullahi suka zauna a Sifawa da Bodinga daga bakin dattawa tun suna raye. Kuma duk mai neman ƙuri'armu, mu tambaye shi shirinsa kan filaye da ruwa da gidaje, a gaban jama'a.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci garuruwanmu, Ya ba mu ikon barin abin da na baya za su yi alfahari da shi. Amin.